Seydou Keïta, mai ɗaukar hoton Bamako da aka yi shari'a kan gadonsa

An haifi Seydou Keïta a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin da ake kiran Mali da sunan Sudan ta Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da sassaƙar katako ya buɗe ido. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ƙirar Kodak Brownie, ya ba shi. Da ita ya soma gwada hannu a kan ƴan gida da maƙwabta. Daga baya ya ƙara sani wajen Pierre Garnier, Bafaranshe mai kantin kayan hoto, da Mountaga Dembélé, malamin makaranta da ya riga shi shiga sana'ar.

A 1948 ya buɗe wurin aikinsa a gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Matafiya da ke bin layin dogo na Dakar sukan ratse su ɗauki hoto, ta haka sunansa ya wuce iyakar gari. Yawanci a tsakar gida yake aiki, da hasken rana. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane shi ne mayafin gadonsa. Ya tanadi kwat, agogo, alƙalami, rediyo da babur, daga baya har da motarsa, domin wanda ba shi da su ya ara ya fito fes. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yake ɗaukar mutum, kuma ba kasafai yake kuskure ba.

Cinikin a lokacin ba shi da wani ruɗani. Mutum ya biya, ya karɓi ɗan hotonsa mai faɗin santimita 13 da tsawon 18, ya aika wa dangi ko ya rataya a ɗaki. Fim ɗin asali, wanda masu sana'ar ke kira negatif, yana nan wurin mai hoto. Keïta ya adana dubbansu cikin akwati. Wannan ajiya ce ta zama dukiyarsa, ita ce kuma ta zama abin rigima.

Bayan Mali ta samu ƴancin kai, gwamnatin Modibo Keïta ta ɗauke shi aiki a 1962 a matsayin mai ɗaukar hoton hukumar tsaron ƙasa. Bai daɗe ba ya rufe shagonsa. Ya yi ritaya a 1977, ya koma gyaran injuna, abin da yake so tun da can.

A 1991 aka baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Cikin kayan akwai hotunansa, amma ba sunansa: an rubuta cewa aikin wani mai hoto ne na Bamako da ba a sani ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su, ya aiki wakilinsa André Magnin ya nemo mai su. A Bamako, Malick Sidibé, shi ma gwanin hoto, yana duba su ya gane hannun Keïta. Magnin ya zaɓi negatif 921 ya tafi da su Paris.

Daga nan al'amari ya canza. A 1994 gidauniyar Cartier ta nuna aikinsa a Paris, a shekarar da aka fara babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako. A 1997 gidan sayar da kayan fasaha na Gagosian a New York ya nuna hotunan an wanke su manya-manya, wasu sun kusa tsayin mutum. Farashin guda ya kai dalar Amurka 16,000, wato miliyoyin CFA, a kan hoton da mai shi ya biya ƴan kuɗi kaɗan shekaru arba'in da suka wuce. Keïta ya yi murna da ganin aikinsa a wannan girma, ya samu kuɗi da ɗaukakar da bai taɓa zato ba.

Amma zumar ba ta rasa harbi ba. Gab da ƙarshen rayuwarsa dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da Pigozzi da Magnin. A 2001 ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani dillali a Paris, Jean-Marc Patras, aka kuma kafa ƙungiya mai sunansa domin kula da aikinsa. Aka nemi a maido da negatif 921 ɗin nan. Allah ya yi masa rasuwa a Paris a watan Nuwamba na wannan shekara, magana ba ta ƙare ba. Bayansa ɓangarorin biyu suka shiga kotu, kowa na cewa shi ke da izinin wankewa da sayarwa, har da zargi kan sahihancin sa hannun da ke jikin wasu hotuna. A 2006 jaridar New York Times ta yi dogon rahoto kan tambayar ko wa ke da Seydou Keïta. Rigimar ba ta dusashe sunansa ba: a 2016 an yi gagarumin baje kolin aikinsa a zauren Grand Palais na Paris.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga lissafin ba. Matan Bamako da suka ci ado da magidantan da suka ari kwat sun biya ne domin hoton gida. Ba su san fuskokinsu za su rataya a ɗakunan attajiran Turai da Amurka ba.

Wannan tarihi bai yi nisa da Damagaram ba. Matasa da dama na ɗaukar hawan salla a ƙofar fadar Sarki, da ginin Birni, da kokowa, da kasuwannin karkara irin ta Takeita a ƙasar Garagumsa. Kamfanonin da ke tara hotuna a intanet suna ba jaridu da masu talla hayarsu na son irin waɗannan. Tun 2020, Shutterstock na biyan mai hoto kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin, wani lokaci abin da ke shigowa kan hoto ɗaya bai kai CFA 100 ba. Hoto guda kuwa ana iya ba da hayarsa sau ɗaruruwa, shi ya sa sayar da shi ɗungurungum ga baƙo mai wucewa kan jika biyu ko uku yakan zama asara.

Ba da izinin amfani daban, sallama mallaka daban. Takarda ce ke raba su: wane hoto, don wane aiki, a wace ƙasa, har yaushe, kan nawa, da sunan wa a ƙasansa. In hoton na talla ne, sai da rubutacciyar yardar mutumin da ke ciki. A Nijar akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA a Yamai, inda mai fasaha zai iya neman bayani kafin ya sa hannu. Yau fayil ɗin asali da ke cikin na'ura ko waya shi ne negatif. Keïta ya riƙe nasa shekaru arba'in ba wanda ya yi jayayya da shi, sai bayan da 921 daga ciki suka bar Bamako.