Geoffrey Chaucer: Jami'in kwastan da ya zama uban waƙar Ingilishi

Idan ana zancen adabin Ingilishi, sunan Shakespeare ke fara zuwa bakin mutane. Amma fiye da shekara 200 kafin a haife shi, an haifi wanda ya share masa fage, wato Geoffrey Chaucer, ma'aikacin gwamnati da ke wuni kan lissafin haraji, ya kwana kan tsara baitoci.

An haifi Chaucer a Landan a farkon shekarun 1340, ɗa ga wani attajiri mai fataucin giya. A 1357 yana hidima a gidan Yarima Lionel, ɗan Sarki Edward na Uku. A 1359 ya bi rundunar Ingila zuwa yaƙi a Faransa, aka kama shi, sarki ya ba da fam 16 cikin kuɗin fansarsa. Daga baya ya zama manzon fada, har aka aike shi Italiya a 1372 kan sha'anin ciniki. Tasirin marubutan ƙasar, irin su Dante da Boccaccio, ya fito fili a ayyukansa na baya.

A 1374 aka naɗa shi mai kula da harajin ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan, bisa sharaɗin ya riƙa rubuta lissafi da hannunsa. Shekara 12 ya yi a kan wannan kujera, yana cuɗanya da fatake da matuƙa jirage da masu neman kauce wa haraji.

A zamanin, Faransanci ne harshen fada, Latin kuma na coci da ilimi. Chaucer ya iya su duka, amma ya zaɓi Ingilishin da ake ciniki da shi a kasuwa. Da shi ya fara babban aikinsa, The Canterbury Tales, wajen 1387.

Littafin labarin matafiya ne kimanin 30 da suka haɗu a wani masauki a Southwark, za su ziyarci kabarin Thomas Becket, babban limamin coci da aka kashe a Canterbury a 1170. Mai masaukin ya kawo shawarar kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya yi fice a yi masa liyafa. A cikin ayarin akwai barde da mai niƙa, da ɗan kasuwa mai ɓoye bashin da ke kansa, da lauya mai nuna aiki ya yi masa yawa fiye da yadda yake, da wata mata da ta yi aure sau biyar. Akwai kuma likita, wanda aka lissafa Ibn Sina da Razi da Ibn Rushd cikin malaman da ya karanta.

Ɗaya daga cikin labaran da suka fi shahara shi ne na samari uku da suka fita neman Mutuwa domin su kashe ta, sai suka tsinci tarin zinariya a gindin bishiya. Suka aiki ƙaraminsu sayen abinci, biyun suka ƙulla kashe shi idan ya dawo, shi kuwa ya zuba musu guba a abin sha. Duka ukun suka halaka. Wanda ya ba da wannan labari na illar kwaɗayi kuwa mai sayar da takardun yafe zunubi ne, da ya amsa da bakinsa cewa kuɗi kawai yake nema da wa'azinsa.

Ƙarshen rayuwar Chaucer bai zo da sauƙi ba. Ya bar kwastan a 1386, aka kai shi ƙara kan bashi, kuma a 1390, yana mai kula da gine-ginen sarki, 'yan fashi suka tare shi. Ya rasu a 1400, labarai 24 kacal ya bari, bai kammala littafin ba.

An binne shi a majami'ar Westminster, inda daga baya aka riƙa binne mawaƙa kusa da shi. Takardun hukuma kusan 500 sun ambaci sunansa kan albashi da tafiye-tafiye da shari'a, amma babu ko ɗaya da ta kira shi mawaƙi.