Margaret McMillan, Mai Ciyad da 'Ya'yan Talakawa

An haifi Margaret McMillan a Amurka a shekarar 1860, amma a Sikotilan ta girma. A 1894 aka zaɓe ta cikin majalisar makarantun Bradford, birnin masaƙa a Ingila. Can ta ga yara suna zuwa makaranta da yunwa da ƙwarƙwata, waɗansu ƙafafunsu sun karkace don rashin abincin kirki. Ina yaro zai koyi karatu da cikinsa wayam? Ita da waɗansu suka yi ta matsa wa hukuma, har a 1906 aka yi doka ta yardar wa hukumomin gari su ciyad da 'yan makaranta.

A 1914 ita da yayarta Rachel suka buɗe makarantar ƙananan yara a Deptford, unguwar matalauta a London. Fili ne da rumfuna da lambu. Uwaye su kan kawo yara da safe, a yi musu wanka, a ba su abinci, su yi barci cikin iska mai kyau. Rachel ta rasu a 1917. Margaret kuwa ta riƙe aikin, tana horad da malamai mata, har ta rasu a 1931.