Bede na Jarrow, Malamin Ikkilisiya da Ya Koyar Cewa Duniya Kamar Ƙwallo Take

Akwai maganar da yaranmu ke kawowa gida daga makaranta, wai Kiristocin dā sun ɗauka duniya shimfiɗe take kamar tabarma, sai da Kolumbus ya ƙetare teku a 1492 aka gane gaskiya. Wasu ma a cikinmu suna tsoron kada yarda da ilimin makaranta ya zama musun Littafi Mai Tsarki. Tarihin Bede ya isa ya kwantar da hankalin kowa.

An haifi Bede wajen shekara ta 673 a arewacin Ingila. Yana da shekara 7 danginsa suka miƙa shi gidan sufaye na Wearmouth, daga baya ya koma Jarrow, inda ya zauna har mutuwarsa. A 686 annoba ta faɗa wa gidan, har aka rasa masu rera sujada sai shugabansu Ceolfrith da wani ƙaramin yaro. Masana da yawa suna ganin yaron nan Bede ne. An naɗa shi dikon yana da shekara 19, firist kuma yana da 30. Bai taɓa zuwa Roma ba, bai zama bishop ba. Aikinsa addu'a, koyarwa da rubutu, yawancin littattafansa kuwa bayanin Littafi Mai Tsarki ne.

To, me ya kai shi ga siffar duniya? Ranar Ista ce. A zamaninsa an sha gardama a Ingila kan ranar da ya kamata a yi idin tashin Yesu daga matattu, ba a kuwa iya lissafinta sai an san tafiyar rana da wata. Saboda haka a 725 ya rubuta littafi kan lissafin lokatai. A ƙasarsu yini yakan kai awa 17 a watan Yuni, ya ragu zuwa wajen awa 7 a Disamba, abin da mu nan ba mu saba gani ba. Bede ya bayyana wa almajiransa cewa dalilin shi ne duniya a dunƙule take. Har ya ja kunnensu kada su ɗauka kewayenta irin na garkuwa ne, wato kamar faifai, a'a, irin na ƙwallo ne, ta ko'ina. Ya kuma lura cewa cikowar teku da janyewarsa suna bin wata.

Ba shi ya fara gano wannan ba, Helenawa sun san shi tun kafin haihuwar Almasihu. Gaskiya ne an sami 'yan tsiraru kamar Lactantius da Cosmas na Iskandariya da suka ƙi, amma koyarwar Bede ce aka yi ta kwafa ana karantarwa a makarantun ikkilisiya na Turai shekaru ɗaruruwa. Mutum ne da ya rubuta bayanin Ru'ya ta Yohanna, ya san zancen kusurwoyi huɗu na duniya sarai, bai kuwa ga ya hana shi ba. Ashe mu ma mukan ce rana ta faɗi, ba wanda ya taɓa zuwa neman inda ta faɗa.

Abin mamaki, ba a taɓa tuhumarsa kan wannan ba. Tuhumar da ya sha ta shekaru ce. A 708 wasu suka zarge shi da karkatacciyar koyarwa a gaban Bishop Wilfrid, domin ya lissafta shekara 3952 daga halitta zuwa haihuwar Yesu, alhali an saba da fiye da 5000. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, ya rubuta wasiƙa ya nuna cewa ya bi lissafin nassin Ibrananci ne kamar yadda Jerome ya fassara.

A 731 ya gama tarihin ikkilisiyar Ingila, littafin da ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa ƙidayar shekaru daga haihuwar Almasihu, wadda muke bi har yau.

A 735 numfashi ya fara gagararsa, ƙafafunsa suka kumbura, duk da haka ya ci gaba da juya Bisharar Yohanna zuwa harshen mutanensa, yana faɗa wani yaro yana rubutawa. Ya raba wa 'yan'uwansa firistoci ɗan abin da ya mallaka, wato masoro, turare da 'yan ƙyallaye. Ya rasu a watan Mayu, lokacin idin hawan Yesu sama, yana ƙasa a ɗakinsa yana rera yabo ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Fassarar nan ta ɓace. Ƙasusuwansa suna babbar majami'ar Durham.