Ronald Fisher (1890–1962): Masanin da Ya Tsara Hanyar Gwaji da Ƙididdiga

Gabatarwa

Duk ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, ya tattara alƙaluma domin ya gano ko wata hanyar koyarwa ta fi wata, to lalle zai bi ta kan turbar da Ronald Fisher ya share, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Wannan darasi zai kawo taƙaitaccen tarihin rayuwarsa da gudummawarsa ga ilimin ƙididdiga, da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Ronald Aylmer Fisher a birnin Landan na ƙasar Ingila ranar 17 ga Fabrairu, 1890. Tun yana yaro yake fama da raunin gani, har likitoci suka hana shi karatu da hasken fitila. Saboda haka malaminsa ya riƙa koyar da shi lissafi da baki, ba takarda ba alƙalami, abin da ya sa ya saba da warware matsaloli a ka. Ya shiga Jami'ar Kambirij a 1909, ya kammala digirinsa na lissafi a 1912. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, an ƙi ɗaukarsa aikin soja saboda idanunsa, sai ya koma koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare har zuwa 1919.

Aikinsa a Rothamsted

A shekarar 1919 ne Fisher ya karɓi aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted. A can ya tarar da tarin alƙaluman amfanin gona da aka yi ta rubutawa tun 1843, musamman na alkama. Matsalar ita ce, idan wata kadada ta fi wata yabanya, ba a iya tantance ko taki ne ya jawo haka, ko kyan ƙasa, ko ruwan sama, ko kuwa dace kawai. Fisher ya fahimci cewa maganin yana cikin tsarin gwajin tun kafin a shuka iri. Ya shimfiɗa ƙa'idoji uku. Ta farko, a raba filaye ta hanyar ƙuri'a, don kada son ran mai bincike ya shiga. Ta biyu, a maimaita gwajin a filaye da yawa. Ta uku, a haɗa filaye masu kama da juna a rukuni guda kafin a kwatanta su. Ya kuma ƙirƙiro dabarar nazarin bambancin alƙaluma, wadda ke rarrabe bambancin da gwaji ya haifar da wanda ya zo bisa dace.

Littattafansa

A 1925 ya wallafa littafinsa mai suna Statistical Methods for Research Workers, wanda ya yaɗa ma'aunin nan na 0.05. Ma'anarsa ita ce, idan da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa, sakamako mai girman wanda aka samu ba zai fito ba sai ƙasa da sau ɗaya cikin ashirin. A 1935 ya fitar da The Design of Experiments, inda ya ba da misalin wata mata mai da'awar tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Ya ce a ba ta kofuna 8, huɗu na kowane iri, a jera su ta ƙuri'a. Hanyoyin zaɓar huɗu daga takwas guda 70 ne, don haka mai canki zai dace da dukkansu sau ɗaya tak cikin 70.

Inda Ya Yi Tuntuɓe

Hausawa na cewa gwani ba ya rasa nasa gwanin, kuma ilimi bai hana Fisher kuskure ba. Ya daɗe yana goyon bayan aƙidar tace irin ɗan Adam, wadda ke fifita haihuwar wasu mutane a kan ta wasu. Haka kuma a ƙarshen shekarun 1950 ya yi jayayya da hujjojin da ke nuna cewa shan taba na haddasa kansar huhu, alhali yana bai wa kamfanonin taba shawara. Bincike ya tabbatar da cewa bai yi daidai ba. A 2020 kwalejinsa ta Kambirij ta yanke shawarar cire tagar gilashin da aka sanya don tunawa da shi.

Rasuwarsa

Ya zama farfesa a Landan a 1933, sannan a Kambirij daga 1943 zuwa 1957. An ba shi lambar girma ta Sir a 1952. Ya rasu a garin Adelaide na ƙasar Ostareliya ranar 29 ga Yuli, 1962, yana da shekara 72.

Kammalawa

Darasin da malami mai neman ƙwarewa zai ɗauka shi ne, ingancin bincike yana farawa daga tsara shi, tun kafin a tattara alƙaluma. Kuma ƙa'idar ƙuri'a an kafa ta ne domin ta kange son rai, wanda ko shi Fisher bai kuɓuta daga gare shi ba.