Muhammadu Korau, Sarkin Katsina

A cikin littattafan Turanci da muke karantawa akwai labarin Akilis, jarumin Girkawa, wanda uwarsa ta tsoma shi cikin wani kogi yana jariri don kada makami ya kama shi. Diddigen da ta riƙe ne kaɗai ruwa bai taɓa ba, nan kuwa kibiya ta same shi a yaƙin Taroyi. In ka shiga kasuwa ka ambaci Akilis, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunansa. Amma ka ce Korau, sai ka ga dattawa sun gyara zama. Mu 'yan makaranta mun san na nesa, na gida kuwa yana neman kuɓuce mana. Shi ya sa na zaɓi in ba da tarihin Korau.

Kafin zamaninsa, Durɓawa ke mulkin ƙasar nan daga Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. Sarkinsu na ƙarshe shi ne Sanau. Korau kuwa baƙo ne daga 'Yandoto, garin malamai wanda yanzu yake cikin Jihar Zamfara.

Tsofaffi sun ce Sanau gwanin kokawa ne, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba, saboda wata laya da yake ɗaurawa. Korau ya lallashi matar sarki har ta sace layar. Ranar da suka kara a gindin tsamiyar Bawada, Korau ya kayar da shi, ya yanka shi da takobin nan da ake kira Gajere, ya hau gadon sarauta. Kun ga ashe mu ma muna da namu Akilis. Kowane jarumi da inda lagonsa yake, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ɓangare ya yi kama da almara, amma shi Korau ba tatsuniya ba ne. Tarihin fada yana cewa ya hau mulki a 1348, masana da yawa kuwa suna sa zamaninsa wajen 1445 zuwa 1495. Shi ake ɗauka sarkin Katsina na farko Musulmi. Ya kafa fadarsa a birnin nan, malamai da fatake suka yi ta zuwa, har ana danganta asalin masallacin Gobarau da zamaninsa. Bayansa aka naɗa Ibrahim Sura, sannan Ali Murabus. Sarautar da ya kafa ta daɗe har wajen 1807, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya ci birnin a jihadi, sarakunan Haɓe suka koma Maraɗi.

Duk da haka sunansa bai ɓace ba. Fadar sarki Gidan Korau ake ce mata, Gajere kuma yana cikin kayan sarauta.

Girkawa sun rubuta labaransu, shi ya sa suka iso har ajinmu. Namu yawancinsu suna bakin tsofaffi, kullum kuwa ana rasa su. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in an yi hutu kowa ya zauna da kakansa da alƙalami a hannu. Iyayenmu kuma ku daure ku riƙa ba mu labari. Allah ya sa mu dace, amin.