Fulorans Naitingel: Mai Jinyar Da Ta Manta Da Jikinta

'Yan'uwana mata, kowace yarinya da ta shiga makarantar koyon aikin nas takan ji sunan Fulorans Naitingel. Amma ba kasafai ake gaya mata abin da yawan aiki ya jawo wa wannan baiwar Allah ba.

An haife ta ran 12 ga Mayu 1820, 'yar masu arziki ce na Ingila. Iyayenta ba su so ta yi aikin jinya ba, amma ta nace. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tafi Turkiyya da mata 38 don jinyar sojan Ingila a asibitin Iskutari, kusa da Istanbul. Ta tarar da ƙazanta da cuta suna kashe soja fiye da harsashi. Da rana tana kan wanki da abinci da tsabta, da dare kuma ta ɗauki fitila ta bi majinyata gado gado.

Cikin watan Mayu 1855 zazzaɓi mai tsanani ya kama ta, har aka fid da rai. Masana na yanzu suna ganin cutar nan ce da akan ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba. Aka ba ta shawara ta koma gida ta huta, ta ƙi. Tun ba ta gama murmurewa ba ta koma bakin aiki. Da ta dawo Ingila a 1856 ma ba ta zauna ba, sai ta duƙufa kan rubuce-rubucen gyaran asibitocin soja, ba barci sosai, ba cin kirki. Jiki magayi. A watan Agusta 1857 ƙarfinta ya ƙare sarai, tana da shekara 37. Daga nan ta yi shekaru masu yawa galibi a ɗaki, a kwance ko a kishingiɗe.

To, ciwo ya tilasta mata abin da shawara ta kasa. Ta rage ganin baƙi, sai mutum ɗaya ɗaya, shi ma sai da alkawari. A littafin da ta rubuta kan jinya a 1859 ta nuna cewa gwanar mai jinya ita ce wadda ta shirya al'amura yadda ko ba ta nan aiki ba zai tsaya ba. A 1860 aka buɗe makarantarta a asibitin Sen Tomas na Landan, wasu matan suka ɗauki nauyin da ta so ta ɗauka ita kaɗai. Ta rasu a 1910 tana da shekara 90.

Uwargida a Batsari ko Safana ta san irin wannan hali, musamman da kaka: ga sussuka, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga goyo, wata ma ko arba'in ba ta yi ba. In kin ga jiri na ɗibarki, ko barci ya ƙaurace miki, ko kina faɗa da yara ba dalili, to jiki ne yake magana. Ki raba aiki da abokiyar zama da yaran gida, maza da mata. Ki gaya wa maigida. In abin ya ci gaba, ki je asibiti. Ke kuma 'yar makaranta, kwana karatu daren jarrabawa ba ya maye gurbin karatun kullum.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu lafiya, amin.