Redcliffe Salaman (1874–1955): Likitan da Ya Koma Jinyar Irin Dankali

Dankalin Turawa ba a shuka shi da ƙwaya kamar gero ko dawa. Manomi yakan ware wani kaso na abin da ya haƙa ya mayar ƙasa, kamar dai yadda ake yi da kan doya ko sandar rogo. Saboda haka duk cutar da ke jikin uwa sai ta bi ɗiya. Manoman Ingila sun daɗe suna ganin irin da ya yi suna yakan lalace bayan 'yan shekaru: ganye ya nannaɗe, tsiro ya tsumbure, amfani ya ragu. Bayanin da aka fi yarda da shi tun ƙarni na 18 shi ne iri tsufa yake yi, wato yawan maimaita shuka ne ke gajiyar da shi. Redcliffe Nathan Salaman na cikin mutanen da suka kawar da wannan fahimta, ya kuma ɗora harsashin samar da tsaftataccen iri a ƙasarsa, alhali bai taɓa karantar aikin gona ba.

An haife shi a Landan ranar 12 ga Satumba, 1874, a gidan Yahudawa masu hali. Mahaifinsa, Myer Salaman, fataucin gashin jimina ya yi har ya tara dukiya. Redcliffe ya yi karatu a makarantar St Paul's, ya wuce Jami'ar Kambirij, sannan ya koyi likitanci a Asibitin Landan. Ya ƙaro ilimin binciken cututtuka a Jamus, ya dawo aka ba shi shugabancin sashen wannan fanni a asibitin. Yana da kimanin shekara talatin tarin fuka ya kama shi. Ya yi jinya a Suwizalan, ya bar aikin asibiti, ya koma ƙauyen Barley da ke gundumar Hertfordshire da iyalinsa.

Ya warke, ga dukiyar gado, ga lokaci, amma ba sana'a. A daidai wannan zamani ne William Bateson ke yaɗa ilimin gadon halitta a Kambirij, shi ne kuma ya ja Salaman zuwa fagen. Ya fara gwaji da ɓeraye da wasu ƙananan halittu bai ci nasara ba. A 1906 mai kula da lambunsa ya ba shi shawarar ya gwada dankali. Bayan shekara biyu ya lura da wani dankalin daji da ya samo daga lambun Kew, wanda cutar ƙunar ganye ba ta kama shi ba, ita ce kuwa cutar da ta jawo yunwar Ailan daga 1845. Wannan ya nuna cewa juriyar cutar aba ce da ake gada, ana kuma iya shigar da ita cikin irin da ake nomawa ta hanyar barbara. Ya ci gaba da aikin da wani dankalin daji na Meziko mai suna Solanum demissum, wanda masu kyautata iri suka daɗe suna dogaro da shi bayansa.

Yaƙin Duniya na Farko ya katse binciken. Ya yi aikin likitan soja tare da bataliyoyin Yahudawa na rundunar Birtaniya, har ya je Falasɗinu. Da ya dawo aka ɗora shi kan kwamitin tantance sunayen dankali na cibiyar nazarin tsirran noma ta ƙasa. Aikin kamar ƙarami ne, amma nan wata babbar ɓarna take. 'Yan kasuwa sukan ɗauki tsohon iri su laƙaba masa sabon suna su sayar da tsada, manomi ya saya yana zaton sabon abu ya samu. Kwamitin ya riƙa shuka ire-iren gefe da gefe yana kwatanta su, yana bayyana waɗanda suke abu guda. Daga wannan aiki ne littafinsa na 1926 kan ire-iren dankali ya fito.

A nan ne idon likita ya yi masa rana. Masana a Holan sun riga sun nuna cewa nannaɗewar ganye cuta ce mai yaɗuwa, kuma darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, su ke ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro. Salaman ya tsaya kan cewa abin da ake kira tsufan iri ba komai ba ne illa taruwar ƙwayoyin bairas a jikin dankali shekara bayan shekara. Wannan ya warware wani abu da manoma suka sani a aikace ba tare da sanin dalili ba, wato fifikon irin da aka sayo daga Sukotlan: sanyi da iskar can ba sa barin darɓa ta yi yawa. Hasali ma hujja ɗaya ce ke sa dankalin Filato lalacewa idan aka yi ta maimaita iri guda, kamar yadda farin ƙuda ke yi wa rogo da cutar da ke murɗe ganyensa.

Ya shawo kan Ma'aikatar Gona ta kafa tashar binciken bairas na dankali a Kambirij, ya shugabance ta daga 1926 zuwa 1939. Tsarinsa mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aiwatarwa. Tsiron da bairas ya shiga ba shi da magani, sai dai a nemo wanda bai kamu ba. Ba a kuwa yarda da ido, domin tsiro na iya ɗauke da cuta ganyensa shar. Don haka sai a ɗiga ruwan ganyen a jikin taba, ko a haɗa reshensa da wani dankalin da ke saurin nuna alama, a jira. Wanda ya tsallake sai a raine shi a ɗakin gilashi da ƙwari ba sa shiga, a riɓanya shi a keɓaɓɓen wuri nesa da gonakin dankali, kafin ya isa ga masu noman iri. A wannan tasha Kenneth Smith, wanda ya gaje shi, ya bambance bairas ɗin da aka sani da X da Y. Shi kuma Salaman ya nuna a 1933 cewa tsiron da ke ɗauke da rarraunan nau'in X yakan tsira daga mai tsananinsa. An zaɓe shi ɗan Royal Society a 1935.

Hanyar tana da iyaka, shi da kansa ya ci karo da ita. A 1930 ya gano cewa sanannen irin nan King Edward yana ɗauke da wani ɓoyayyen bairas a kowane tsiro da aka gwada, ba a sami ko ɗaya mai tsafta da za a fara da shi ba. Sai a 1957, bayan rasuwarsa, Basil Kassanis ya tsarkake irin a Rothamsted ta hanyar yanko ɗan mitsitsin kan toho a raine shi a kwalba, dabarar da Georges Morel da Claude Martin suka fara a Faransa. Da ita ake tsaftace irin dankali da rogo da doya a yau.

Akwai ɓangaren rayuwarsa da bai kamata a tsallake ba. Ya yi rubuce-rubuce yana neman bayyana kamannin Yahudawa da dokokin gadon halitta, ya kuma yi tarayya da masu ra'ayin gyaran zuriyar ɗan Adam. Wannan aiki bai jure binciken da ya biyo baya ba, ya kuma fi nuna zamaninsa fiye da basirarsa.

Bayan ya ajiye aiki ya duƙufa kan littafin da aka fi saninsa da shi, The History and Social Influence of the Potato, wanda ya fito a 1949. Ya bi dankali daga tsaunukan Andes zuwa Turai, ya fi daɗewa kan Ailan, inda ya nuna yadda abinci mai arha ya ba masu ƙasa damar riƙe talaka a kan ƙaramin lada, har ranar da cuta ɗaya ta cinye abincin. Masana tarihi sun yi gyara ga wasu hukunce-hukuncensa, amma an sake buga littafin a 1985 ƙarƙashin kulawar J. G. Hawkes. Matarsa ta farko, Nina, masaniyar adabin Ibrananci, ta riga shi rasuwa tun 1925. Shi kuma ya rasu ranar 12 ga Yuni, 1955, yana da shekara 80.